Kafin ka danna linkin shiga guruf ɗin nan

Na san ka taɓa cin karo da irin saƙon nan, wataƙila ma yau da safe ya shigo wayarka. Wani ya ɗora a sitatus, ko ya jefo shi ƙarƙashin rubutunka: an buɗe sabon guruf na marubuta da masu haɗa bidiyo, a zo a taimaki juna, a ɗaga juna, ga linki nan, gurbi ya kusa cika. Kai kuma ga ka nan, wata shida kenan kana rubutu ko kana ɗora bidiyo, mutum goma sha biyu ne ke kallo, huɗu daga ciki 'yan gidanku ne. Dole ranka ya biya. Ni ban ga laifinka ba. Duk wanda ya taɓa raba dare yana gyaran bidiyon minti biyu, gari ya waye ya duba ya tarar ko "sannu da ƙoƙari" babu, ya san yadda abin yake ci a rai.

Shiga cikin masu sana'a irin taka abu ne mai kyau, kuma in an jima zan nuna maka cewa da yawa daga cikin waɗanda suka yi nisa a rubutun Hausa da jama'a suka yi shi. Sai dai kalmar "taimakon juna" ta yi araha a 'yan shekarun nan, har ɓarawo ma da ita yake sallama. Shi ya sa nake so mu ɗan zauna a kan maganar kafin ka danna.

Me ya sa zaurukan nan suka yi yawa haka yanzu? Kuɗi ne ya shigo harkar. A da yawancin masu rubutu a Facebook don suna suke yi, ko don huce takaici. A 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kason kuɗin talla a Facebook, abin da a baya sai mutum ya yi dabarar jingina shafinsa da wata ƙasa kafin ya samu. X tun 2023 ya fara raba kuɗin talla ga waɗanda suka sayi shuɗin maki kuma suke tara masu kallo. YouTube dama ya daɗe yana biya. TikTok kuwa a nan ƙasar galibi ta kyautar da ake jefawa a laif ake samu, shi ya sa kake ganin ana raba dare ana cacar baki. Daga nan sai kowa ya zama mai "kontent": ɗalibi, mai shayi, amarya, har da baban wani. Ana cikin haka, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ka ga an haɗa maka biyu kenan: ga dala ana hango ta, ga jarin da kake ƙonawa kullum ya ƙara tsada. Wanda ke sayen data da kuɗin abincin rana ba zai iya jiran shekara biyu kafin a san shi ba. Gajeriyar hanya yake nema, masu buɗe guruf kuma sun san haka.

Gajeriyar hanyar da aka fi tallatawa ita ce "bi ni in bi ka". Ka san tsarin. Duk wanda ya ɗora linki, kowa ya je ya danna laik, ya rubuta kwament, ya dawo da sikirinshot a matsayin shaida. Wanda bai yi ba adimin ya yi waje da shi. A ido kamar adashe ne, kowa ya zuba, kowa ya kwasa. Kuma akwai abin da ke ingiza mutane. YouTube ba ya fara ba ka kason tallan da ke fitowa a bidiyonka sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ko an fara lissafa maka ma, sai kuɗin ya kai dala 100 kafin a turo. Yaron da ke da mabiya 80 ya ji wannan lissafi, ka ce masa ga mutum dubu a wuri guda, ai ba sai ka roƙe shi ba.

Matsalar ita ce manhajojin nan ba yawan mabiya kawai suke dubawa ba. Idan ka saki bidiyo ana fara nuna shi ga wasu mutane, ciki har da masu bin ka, a ga me za su yi. Sun tsaya sun kalla har ƙarshe? Sun tura wa wani? Ko daƙiƙa uku suka yi suka wuce? Da wannan ake auna ko ya cancanci a ƙara watsa shi. To ɗan guruf ɗin da ya bi ka don kar a cire shi, abinka bai dame shi ba. Zai shigo, ya danna laik, ya rubuta "Masha Allah", ya fice kafin ka gama sallama. Abin da na'ura ta gani shi ne mutum dubu suna bin wannan yaron amma babu mai iya kallonsa na rabin minti. Sai ta ajiye ka gefe. Ban da haka, YouTube ya rubuta ƙarara a dokokinsa cewa bai yarda da musayar mabiya irin wannan ba. Yana share mabiyan bogi, yana kuma iya rufe tasha. A adashen gaske, ranar kwasarka kuɗi kake ɗauka ka sayi buhun shinkafa. A wannan, lamba kake kwasa, kuma lambar ma ana iya zuwa a share ta.

Wannan ma mai sauƙi ne, asarar data ce da lokaci. Akwai wanda ya fi shi muni. Wata ƙanwata da ke sayar da turaren wuta da humra ta shafe kusan shekara uku tana tara kwastomomi ta waya, da cinikin take biyan kuɗin makaranta. Aka saka ta a wani guruf na mata masu kasuwanci. Sati biyu ana ta gaisuwa da addu'o'i, Hajiya kaza, Anti kaza. Ranar nan sai wata ta kira ta, murya a sanyaye, ta ce daga guruf ne, za a yi taro ta intanet da daddare kan yadda ake samun tallafin jari, an turo mata lambobi shida ta saƙon waya, ta karanto su a saka sunanta. Ta karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗinta ya bar hannunta. Kafin magariba ana bin kwastomominta da danginmu ɗaya bayan ɗaya ana cewa ta shiga matsala, a ranta mata dubu ashirin zuwa gobe. Mutum uku suka tura. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin da WhatsApp ke turowa idan za a buɗe layinka a wata waya. Babu wani taro, babu wata ƙungiya, babu wani ma'aikacin kamfani da zai taɓa buƙatarsu. Haka linkin da ake turowa wai ka tabbatar da shafinka don a fara biyanka: shafin bogi ne mai kama da Facebook, kana saka kalmar sirri ka miƙa makullin gidanka. In ba ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook ɗinka ba, ajiye karatun nan ka je ka kunna. Zan jira ka.

Kuma kar mu yi kamar mun manta. Ka tuna 2024, lokacin da rabin gari ke danne-dannen waya ana mainin Hamster Kombat, kowa na roƙon a shiga ta linkinsa, zaurukan Telegram cike da malaman lissafin irin motar da za a saya? Ranar 26 ga Satumba abin ya fashe, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, ita ma ta zaurukan waya aka riƙa jan mutane, aboki ya jawo aboki. Duk zauren da ribar mai shi ke ƙaruwa da yawan kawunan da suka shigo, ka sani kai ne hajar.

To wane irin taro ne mai amfani? Bari in mayar da kai baya, zamanin da babu data babu linki.

A shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta da suka san za su sayar. Matashin da ya rubuta labarin soyayya a Kano ba shi da inda zai kai shi. Sai matasan suka fara buga abinsu da kansu, suka kuma haɗu ƙungiya-ƙungiya. Wadda ta fi yin suna ita ce Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Akwai kuma irin su Kukan Kurciya. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka yadda ake kallonsu: raina kama ka ga gayya. Wasu masana suka ce wannan bai kai a kira shi adabi na ƙwarai ba, aka laƙaba masa "Adabin Kasuwar Kano", aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu. Kamar dai yadda yau wani zai ce maka "wai kai ma marubuci ne, a waya?"

Me ƙungiya ta yi wa 'ya'yanta a lokacin? Abubuwa ne da ake iya taɓawa da hannu. Sabon marubuci ya samu wanda ya riga shi shiga harkar, wanda zai duba masa rubutu, ya nuna masa maɗaba'a, ya haɗa shi da dillalin da zai karɓi littafi a kasuwa. Littafin ɗan ƙungiya yana fitowa da sunan ƙungiyar da jerin littattafan sauran 'yan'uwa, saboda haka wanda ya sayi ɗaya an tallata masa goma. Ka lura da kyau, su ma ɗaga juna suke yi, amma ga mai karatu na gaskiya suke miƙa juna, wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya. Ba su zauna su goma suna sayen littafin juna suna tafawa ba. A wannan yanayi ne In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a 1991 ya zagaye ƙasar Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990, ya kai ga an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Daga cikin marubutan nan ne kuma wasu suka tsallaka harkar fim ɗin da yau ake kira Kannywood.

Sai ranar wuya ta zo. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da hujjar suna ɓata tarbiyya. A 2008 hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta matsa lallai marubuta su yi rajista da ita, a kuma riƙa duba littafi kafin ya shiga kasuwa. Da marubuci ɗaya ne ya ce bai yarda ba, da tuni an wuce wurin. Ƙungiyoyin marubuta ne suka haɗa kai, reshen ANA na Kano da sauransu, har shugabannin ANA na ƙasa suka shigo aka zauna sulhu. Ko kana ganin hukumar ce ke da gaskiya ko marubutan, wannan muhawara ce ta daban. Abin da nake so ka gani shi ne an saurare su ne saboda suna da yawa kuma suna da tsari.

Wannan gadon bai mutu ba, waya ya koma. Ke da kike karanta littattafan Hausa a WhatsApp ko Wattpad kin san yadda feji ke farawa da sunan ƙungiya a sama, su Haske, su Kainuwa, da wasu da ba sa lissafuwa. Yawanci mata ne, da yawa daga cikin ɗaki suke rubutu, tsakanin girki da raino da karatun jarabawa, kuma ba don ƙungiyar ba da babu wanda zai san suna yi. Ga kuma irin su Zafafa Biyar, marubuta biyar da suka haɗa littattafansu suna sayarwa a dunƙule, mai son ɗaya ta ɗanɗana sauran huɗun. Dabarar Raina Kama ce sak, riga kawai ta canza.

Amma tunda mu ya mu ne, bari in faɗi inda nake ganin an gaza. Ƙungiyoyinmu na waya sun iya taya murna. Sun iya ta'aziyya, sun iya gudummawar biki da suna, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda ake jan ƙafa shi ne gyara. Marubuciya za ta saki feji talatin babu aya babu waƙafi, "ƙ" da "k" duk ɗaya, rabin jimla Turanci rabi Hausa, jarumar da aka ce marainiya ce a feji na uku ga mahaifiyarta tana dafa tuwo a feji na ashirin, amma duk guruf babu mai cewa uffan sai "fatan alheri, Anti, muna jiran ci gaba". Me ya sa? Tsoron a ce hassada ce. Wanda ya yi gyara sau ɗaya aka yi masa ca, ba zai sake ba. Sai ranar da ta aika labari gasa, a nan gaskiya ke fitowa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 kuma Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira, daidaitacciyar Hausa take nema, cikin taƙaitattun kalmomi. Alƙalan ba 'yan guruf ɗinki ba ne, ba sa jin nauyinki. Da a ce tun a gida an sami wadda ta ce "ƙawata, wannan sakin layin bai zauna ba", da ba a je waje an ji kunya ba.

In kana son ganin inda gyara ya zama ruwan sha, leƙa wurin masu rubuta Wikipedia ta Hausa. 'Yan sa-kai ne, yawancinsu matasa, sun tara dubun-dubatar maƙaloli. Can babu laik. Ka rubuta, wani da ba ka taɓa gani ba ya zo ya gyara maka, ya ce ina madogararka, in babu a cire. Da farko yana da ciwo. Bayan wata uku za ka ga hannunka ya canza.

Gazawa ta biyu ita ce satar fasaha. Kin san tsarin littafin kuɗi: mai karatu ta biya 'yan ɗaruruwan naira a saka ta a guruf na musamman, kafin a kai feji na goma wata ta kwafe ta watsa kyauta, wani kuma ya haɗa shi ya ɗora a shafinsa yana cin kuɗin talla, ko ya karanta shi a YouTube ba tare da ya nemi izini ba. Makamin da ya rage wa marubuciya shi ne "Allah ya isa" a saman feji. Alhali akwai doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, ta kuma ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka sace masa. YouTube da Facebook su ma suna da hanyar kai ƙorafin satar fasaha. Amma wace marubuciya ce ita kaɗai za ta bi wannan layi kan littafin ɗari biyar? Ƙungiya mai mutum hamsin kuwa za ta iya ware mutum biyu su koyi yadda ake cike ƙorafin, ta iya tara kuɗin ganin lauya sau ɗaya a rubuta takardar gargaɗi da kowa zai riƙa amfani da ita. Kafin ki shiga ƙungiya, tambayi abin da suka yi ranar da aka sace littafin wata a cikinsu. Amsar za ta gaya miki komai.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutanen da ka sani suka fi mabiyan da ka tara daraja: dandalin ba naka ba ne, haya kake yi. Okadabooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Twitter an dakatar da shi a Najeriya daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. Shafi kuma ana iya rufe shi cikin dare ba tare da an yi maka bayani ba. Ranar da haka ta faru, waɗanda za su ce wa jama'a "ga sabon shafin wane, ku koma can" su ne jarinka.

Yanzu sai maganar da ba a cika son yi a guruf ba: ranar da rubutu zai jawo maka magana. Watan Nuwamban 2022 kaɗai ya ba mu misali biyu. A Kano kotu ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A watan ne kuma aka kama Aminu Adamu Muhammad, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari. Aminu ya fito a farkon Disamba bayan an janye ƙarar, kuma kowa ya ga irin hayaniyar da ɗalibai da ƙungiyoyin kare haƙƙi da matasan soshiyal midiya suka yi kafin nan. Ba ina cewa hayaniya na maganin komai ba. Abubakar Idris Dadiyata, wasu suka ɗauke shi daga gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019, an yi shekaru ana tambayar ina yake, babu amsa. Amma ko a nan, da babu masu tambayar, da tuni an manta sunansa.

Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 24, wanda aka daɗe ana kama masu rubutu da shi. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a Fabrairun 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa. Amma har yanzu yana nan kan abin batsa da kuma ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari, kuma hukuncin na iya kai wa shekara uku a gidan yari ko tarar naira miliyan 7. Dokokin ɓata suna na jihohi su ma suna nan daram. Mutum nawa ne a guruf ɗinku suka san wannan? Amfanin abokan sana'a na gaskiya yana farawa tun kafin ka saki abu: wani ya ce "ɗan'uwa, wannan layin cire shi, ba ka da hujja a kai", ko "wannan hoton tsoho ne, ba na jiya ba ne". In kuma ta faru, akwai wanda ya san lambar yayanka, ya san lauyan da za a kira, ya san ofishin da aka kai ka. Guruf ɗin "bi ni in bi ka" kuwa, ranar da aka kama ka, adimin cire lambarka zai yi don kar ta shafe shi.

Ka kuma riƙa tunawa, zaure mai mutum 1,024, wanda shi ne iyakar abin da WhatsApp ke ɗauka, kasuwa ce. Abin da ka faɗa a can da sunan "mu ya mu" sikirinshot ɗaya ya raba shi da duniya. Yawancin tonon sililin da kake gani a Facebook daga cikin gida aka fitar da shi.

Ga zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma ka san yadda ake yi. Guruf ɗin da aka buɗe don koyon rubutu, wata rana za a wayi gari adimin ya kawo "babban baƙo", a raba data, a turo rubutu guda a ce kowa ya ɗora a shafinsa da ƙarfe takwas. Ba laifi ba ne matashi ya yi siyasa, ko ya karɓi kuɗin aikin da ya yi a fili. Amma ka san cewa abin da ake saya shi ne amanar da mabiyanka suka ba ka, kuma wanda ya karɓi babban kason ba kai ba ne, wanda ya tara ku ne. In rubutun ya zama na ɓatanci, sunanka ne a sama, ba nasa ba. Ana gama zaɓe kuma laƙabin "ɗan data" ba ya fita da wanki ɗaya.

Ke kuma 'yar'uwa, akwai naki ƙarin. Kin shiga don koyon haɗa bidiyo, kafin awa ɗaya mutum biyar sun biyo ki ta bayan fage da "slm", ɗaya daga ciki adimin ne da kansa, wai zai ba ki darasi na musamman. Duba ko akwai mata a cikin masu riƙe da guruf ɗin, duba kuma ko an taɓa korar wani saboda irin wannan. In dokokin guruf sun yi layi goma kan hana tallan kaya amma babu ko ɗaya kan damun mata, kin san abin da ya dame su.

To ya za ka yi da linkin da ke gabanka? Ni ba zan ce kar ka shiga ba. Shiga, ka kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai-tsaye don kar su cinye maka data, ka yi shiru na sati biyu kana kallo. Jira ranar da wani zai ɗora aiki mai rauni, ka ga me za a ce masa. Jira ranar da sabon shiga zai yi tambayar da ta yi kama da ta wauta, ka ga ko za a amsa ko za a yi masa dariya. In an ce a biya kuɗin rajista, tambayi wa ke riƙe da kuɗin da abin da aka yi da na bara. In tambayar ta ɓata wa wani rai, ka samu amsarka. Sannan kai ma ka tambayi kanka me ka zo da shi. Ko iya gyaran sauti ne, ko sanin ƙa'idar rubutu, ko haƙurin karanta aikin wani har ƙarshe ka faɗa masa gaskiya cikin mutunci. Wanda ya shigo da linkinsa kawai, kowa na gane shi tun ranar farko.

In ka duba ba ka samu ba, ba dole sai babban zaure ba. Mutum biyar ko shida sun isa, waɗanda kuke mataki kusan ɗaya, kuka kuma san juna ko da ta murya ce. Ku tsayar da rana ɗaya a sati, kowa ya kawo abin da ya yi kafin ya sake shi, a duba. Wannan ya san kyamara, wancan ya san Hausa, waccan ta san yadda ake magana da masu ba da talla. In ta kama ku haɗa kuɗi ku sayi makirfo ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa.

Abu ɗaya kawai zan roƙe ku, don na ga ya raba abokai da yawa. In za ku buɗe shafi ko tasha ta haɗin gwiwa, ku zauna tun yau ku rubuta: imel ɗin wa aka yi amfani da shi, asusun bankin wa za a jingina, su wa ke da kalmar sirri, kaso nawa kowa zai ɗauka, kuma in ɗaya ya ce zai fita, me zai tafi da shi. Ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ku sa wani babba ya shaida. Ku yi shi yanzu da tashar ke da mabiya 80, kafin dala ɗari ta farko ta shigo.